Motar Tururi Mai Suna Biyu

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Alhamis aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Thornbeck cewa an sace mota. Insifeta Roland Sugden yana tsakiyar shan shayinsa na biyu. Saura masa wata huɗu ya yi ritaya, kuma ba shi da niyyar ƙarar da su a kan satar mota.

"A tura kurtu mana," ya ce.

Saje Farida Iqbal ta rufe bakin wayar da tafin hannu. "Oga, ba irin motar da kake zato ba ce. Wannan da gawayi take tafiya. Kuma mai ita ya ce in ba a same ta yau ba, za ta kashe mutum."

Sugden ya ajiye kofin, ya ɗauki kwat ɗinsa.

Gidan Clive Ackroyd shi ne na ƙarshe a layin tsohuwar masaƙa. Sun tarar da shi tsaye a ƙofar garejinsa cikin yayyafi, dattijo siriri ɗan shekara saba'in da ɗaya, ko hula bai tuna ya sa ba. Kowa a kwarin nan ya san irinsu, tsofaffin ƙungiyar masu injin tururi. Matansu sukan ce da mashaya suka aura da sun fi samun sauƙi, don mashayi ko ba komai yakan dawo gida ya ci abinci.

A tsakiyar garejin akwai fili fayau, da ɗigon baƙin mai a kan siminti.

"Nan take tsayawa," in ji Clive. "Ƙaramin kwafi ce, kashi ɗaya cikin uku na girman babbar motar kaya ta zamanin kakanninmu. Tsawonta ya fi gadon kwana, nauyinta rabin tan. Komai nata na gaske ne, tukunya, murhu, bututun hayaƙi, usur. Mutum ya hau bayanta ya zauna ya tuƙa."

"Kai ka ƙera ta?"

"A'a, ta hannu ce. Marigayi Wilf Firth ya ƙera ta. Ni a wurin ɗansa na saya, shekara uku ke nan. Yallaɓai, da ka gan ta ran nan da ka ce a kai bola. Tsatsa ta cinye ta, ɓeraye sun yi gida a murhun. Bututan cikin tukunya ɗaya bayan ɗaya na cire na sa sababbi. Fenti kuwa shafi bakwai na yi mata, kowanne sai na goge da hannu kafin na sake."

"Yaushe ka gan ta ƙarshe?"

"Jiya da hantsi. Kowace Laraba nakan je Leeds wurin 'yata in kwana. Yau da na dawo, ka ga abin da na tarar."

"Wa ya san kana tafiya ran Laraba?"

"Duk 'yan ƙungiya. Tsiyar da suke mini ke nan, wai ranar da nake cin abincin kirki."

Sugden ya duƙa ya duba ƙofar. Ba a fasa kwaɗon ba. Kwance sukurorin maƙalinsa aka yi, aka jera su guda huɗu a murfin gwangwani don kada su ɓata. A jikin bango ga kayan aiki masu tsada rataye, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Me kuma aka ɗauka?"

Clive ya waiwaya. "Ƙaramin shebur ɗinta. Buhun gawayi ɗaya. Butar mai. Da gwangwanin itatuwan da nake jiƙawa a kananzir don kunna wuta."

"Ɓarawo mai ladabi," in ji Saje Farida. "Har da guzurinsa."

"Ba sayarwa zai yi ba," Sugden ya ce. "Hura mata wuta zai yi."

Nan Clive ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ɗan sifirin, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya miƙa wa Sugden.

"Abin da ya sa na ce ku yi sauri ke nan. Jibi Asabar za a gwada tukunyar. Cika ta ake yi da ruwa, a matsa da famfo a ga ko za ta yi yoyo. Kafin nan dole a toshe bawul ɗin da ke sakin tururi in ya yi yawa. Ni da zumuɗi, tun Talata na toshe shi. Na cire wannan daga ciki, na sa guntun ƙarfe, na mayar da murfin. Daga waje ba mai ganewa."

"Agogon da ke nuna ƙarfin tururin fa?"

Clive ya dube shi da mamakin jin ɗan sanda ya san wannan. "Tsohon ne a jikinta, allurarsa a rabi take maƙalewa. Sabon yana kan teburin kicin ɗina."

"In an hura mata wuta, awa nawa kafin tukunyar ta fashe?"

"Awa ɗaya da rabi, in ta daɗe biyu. Mai tuƙa ta kuwa gwiwoyinsa a jikin tukunyar suke."

Saje Farida ta daina murmushi. Ita ce ta hango wani abu a kan bencin aiki, an naɗe shi da kyau a cikin tsumma mai tsabta. Ta warware. Allon suna ne na tagulla, an rubuta Doreen.

"Matata ce," in ji Clive. "Sati biyar da rasuwarta na sayi motar. Gidan ya yi mini shiru da yawa." Ya karɓi allon ya shafa shi da babban yatsa. "Biyu ne, ɗaya a kowane gefe. Ban san me ya sa aka cire ɗaya aka bar ɗaya ba."

"Da can me ake kiranta?"

Clive ya nuna bango. Ƙusoshi biyu ne a kafe. Ɗaya na ɗauke da tsohon allo da ya yi duhu, an rubuta Beryl. Ɗayar ba komai a kanta.

"Jiya biyu ne a nan," ya ce a hankali.

Neville Firth, ɗan marigayin, yana da kantin kafet a bakin kasuwa. Mutum ne mai ƙiba da saurin dariya, irin wanda ke kiran kowa abokina. Dariyar ta ɗauke da ya ga katin Sugden.

"Ni na sayar da ita, ƙwarai. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, muka kai shi gidan kula da tsofaffi. Motar tana ta ruɓewa a rumfa mai yoyo. Me zan yi da ita?"

"Da yardarsa ka sayar?"

"Da yardarsa mana."

"Mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye. Yana magana a lokacin?"

Neville ya gyara wani littafin samfurin kafet da ba ya bukatar gyara. "Ya gyaɗa kai."

"Mahaifiyarka fa, ta gyaɗa?"

"Ba ta nan ranar. Daga baya ta sani." Ya share wuya. "Wata shida ba ta yi mini magana ba, in wannan kake son ji."

"Ina kake jiya da rana?"

"Nan. Tambayi ma'aikatana. Yallaɓai, ni ko kyauta aka ba ni wannan abu ba na so. Duk yarintata a filin taron masu inji na yi ta, cikin taɓo, ina cin ƙwai da aka soya a kan shebur."

Sugden ya gaya masa maganar bawul ɗin yana kallon idonsa. Neville bai ma fahimci abin da ake nufi ba, sai da aka maimaita masa. Wannan kam ba shi ya kwance sukurori ya jera su a murfin gwangwani ba.

"Yaushe mahaifinka ya rasu?"

"Sati shida ke nan."

"Ina aka binne shi?"

"Ba a binne ba, ƙonawa aka yi, haka ya so. Tokar tana cikin tulu a kan kantar falon Mama, ta hana kowa taɓawa."

"Ita tana ina yanzu?"

"Scarborough, wurin ƙanwarta. Yau da sun cika shekara hamsin da takwas da aure, ta ce ba ta son wuni a gidan ita kaɗai. Ku ƙyale ta, don Allah. Shekararta saba'in da tara, da sanda take tafiya."

Kafin su kai mota Saje Farida ta samu ƙanwar a waya. Rabonta da ganin Beryl, mahaifiyar Neville ke nan, tun ranar jana'iza.

Maƙwabciyar Beryl ce ta buɗe musu gidan da makullin da aka bar mata. Falon tsaf yake, yana ƙanshin man goge katako. A kan kantar akwai hotuna biyu, tsakaninsu kuma wani ɗan zanen leshi mai zagaye, ba komai a kansa.

Sugden ya ɗauki hoto ɗaya. Motar ce a wani filin taro, hayaƙi na tashi. Wani mutum mai gashin baki yana zaune a can baya ya harɗe hannuwa yana dariya. Mai riƙe da sitiyari, da shebur a kan cinya da baƙin gawayi a kumatu, mace ce.

"Oga, ashe ita ce direban," in ji Saje Farida. "Amma me za ta yi da toka a mota?"

Sugden ya ajiye hoton. Mahaifinsa mai zuba gawayi ne a jirgin ƙasa, har ranar da aka daina jiragen tururi. Yana tuna warin kwat ɗinsa in ya dawo aiki, hayaƙi da man inji da sabulu mai arha. Da tsohon ya kwanta ciwon ajali, abu ɗaya ya roƙa, a zuba tokarsa a murhun inji yana hawan tudu. Sugden yana sabon saje a lokacin, aiki ya yi masa yawa, kuma in za a faɗi gaskiya kunyar abin yake ji. Ya kai tokar maƙabarta aka rufe a ƙarƙashin wani ɗan dutse. Shekara ashirin da shida ke nan, abin bai daina cinsa ba.

"Al'adarsu ce," ya ce. "In mai inji ya mutu, a murhun injinsa ake zuba shi. Sai tururi ya cika, inji ya kama hawa yana huci da ƙarfi, a buɗe murhu a zuba, hucin ya fitar da shi ta bututu, a busa masa usur."

"Tsohuwa mai sanda ba za ta ɗaga rabin tan ba."

"A'a. Wa ke da tirela mai igiyar ja a ƙungiyar?"

Desmond Lumb shi ne mai gwada tukwanen ƙungiya, kuma aminin Wilf tun suna koyon aiki. Sun same shi a lambunsa yana ɗaure wake a jikin sanduna. Tirelarsa na gefen gida, an wanke ta fes, tayoyin har suna ɗiga.

"Da ruwan sama kake wanke tirela, Mista Lumb?"

"Ni da kayana. Doka ta hana?"

"Ina kake jiya da rana?"

"Nan, da waken nan."

"Yaushe rabonka da Beryl Firth?"

"Tun jana'iza."

"Ka ji an sace motar Clive?"

"Motar Wilf," in ji Desmond. Sai ya gyara. "Na ji. Allah ya kyauta. Amma wanda ya canza wa inji suna, ai ya san bai yi daidai ba."

Sugden ya ciro sifirin ɗin da ya karɓa daga hannun Clive, ya miƙa masa. "Ka san wannan?"

Desmond ya jujjuya shi. "Na bawul ne."

"Na bawul ɗinta ne. Clive ya toshe shi daga ciki tun Talata, yana jiran gwajinka na Asabar. Agogon da ke jikinta kuma tsohon ne. Duk wanda ka sani yana shirin hura mata wuta, ka gaya masa."

"Ban san kowa ba," in ji Desmond. Amma leɓensa ya yi fari.

Sugden ya karɓi sifirin ɗin, ya yi masa sallama. Suka fita ta ƙofar lambu, suka rufe ta da ƙara, sannan ya ɗaga wa Saje Farida hannu ta tsaya. Ba su yi rabin minti ba suka ji tsohon ya ruga cikin gida. Da suka bi shi, yana tsaye a zaure da kan waya a kunne, tana ta ringi ba a ɗauka.

"Ba ta ɗauka," ya ce, bai ko juyo ba. "Ba ta taɓa yawo da wayar hannun da aka saya mata ba."

"Ina kuka kai motar?"

"Rumbun wani manomi, a gindin hawan madatsar ruwa. A kan tudun nan Wilf ya nemi aurenta." Ya zube a kan kujera. "Yallaɓai, aro muka yi, na rantse. Mun yi da ita sai gobe Juma'a, ina wurin, in duba komai da idona kafin a kunna ashana. Da yamma mu mayar masa da abarsa."

"Gobe ba ranar aurensu ba ce. Yau ce."

Desmond ya dafe kai. "Ta ce mini in huta yau, na gaji."

"In allura ta tsaya a rabi, za ta gane?"

"Ba ta kallon agogo. Wilf ya koya mata tun farko, agogo maƙaryaci ne, kunne ake bi. Ba ta kama hawa sai ta ji bawul ya buɗe ya yi tsaki. Haka dukkanmu tsofaffi muke yi." Ya ɗago ido. "Za ta yi ta zuba gawayi tana jiransa."

Suka sa a turo kurtu ya tsare shi, suka biya suka ɗauki Clive, don shi ya san kowane noti a jikinta. Saje Farida ce ke tuƙi, kuma ranar Sugden bai ce mata ta rage gudu ba. Titin ya bar gari ya shiga tsakanin katangun duwatsu, tumaki suna ta watsewa. Tun daga nesa suka hango hayaƙi siriri yana tashi a miƙe daga gindin tudun.

"Ta daɗe da kunnawa," in ji Clive daga baya. "Hayaƙin ya yi fari."

Motar tana tsaye a tsakiyar ɗan titin, koriya shar, tagullarta na ƙyalli duk da yayyafin, gabanta na kallon hawan. A kanta wata ƙaramar tsohuwa ce zaune cikin shuɗiyar rigar aiki da ta yi mata yawa da hular da ba tata ba. Ta jingine sandarta a jikin taya. A kan cinyarta akwai ɗan tulu mai ruwan toka, ta rungume shi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da shebur.

Sugden ya ce wa sauran su tsaya baya, ya matsa shi kaɗai. Da ya zo kusa ya ji tukunyar tana wani ƙas-ƙas a hankali, tururi kuma yana tsiyaya ta wuraren da bai kamata ba. Warin ya bugi hancinsa, gawayi da mai mai zafi.

"Iya, sauko daga kan motar nan."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne ɗan sandan? Ka yi mini haƙuri minti goma, ɗana. Daga nan ka kai ni duk inda kake so, ba zan yi gardama ba."

"Bawul ɗin a toshe yake. Ba zai buɗe ba."

"Haka za ka ce mana." Ta ɗebo gawayi. "Tururi ne bai cika ba, yanzu za ka ji shi."

Clive bai tsaya inda aka ce ya tsaya ba. Ya zo gefen Sugden, ya karɓi sifirin ɗin ya ɗaga mata. "Beryl, dubi nan. Ni na cire shi da hannuna. Shekara arba'in kina jin muryar motar nan. Saurara, ta taɓa yi miki wannan ƙarar?"

Ta tsaya da shebur a sama. Ta karkata kai, kamar uwa mai sauraron numfashin jariri.

Sugden bai jira ba. Ya durƙusa ya kama sarƙar usur ɗin ya ja, don tururin ya samu mafita. Abin da ya fito ba busa ba ce, kururuwa ce mai tsaga kunne, har tsuntsaye suka tashi daga kan madatsar. Fuskar tsohuwar ta canza. Ta gane.

Sai ta yar da shebur ɗin, ta kai hannu ƙofar murhu, ta fara kiciniyar buɗe murfin tulun.

"To yanzu zan zuba shi," ta ce da ƙarfi don a ji ta. "Na yi masa alkawari."

"Iya, Clive zai zare ƙusar murhun yanzu, wutar ta zube ƙasa," in ji Sugden, yana riƙe da sarƙar, tururi na dafa masa bayan hannu. "In kin zuba shi, a taɓon titin nan zai faɗi tare da garwashi. Ba zai hau tudun ba. Ni ma mahaifina ya roƙe ni wannan, ban yi masa ba, kuma ba ni da damar gyarawa. Ke kina da ita. Kada ki ɓata ta."

Ta dube shi. Hannunta ya tsaya a kan murfin. Sannan a hankali ta mayar da tulun ƙirjinta ta ƙanƙame.

Saje Farida ta sungume ta kamar yarinya, ta yi baya da ita. Clive ya kwanta a jiƙaƙƙen titin, ya miƙa hannu ƙarƙashin motar ya zare ƙusar. Garwashi ya zubo ja wur, ya faɗa ruwa yana cuwa. Sugden bai saki sarƙar ba. Ya riƙe har kururuwar ta koma busa, busar ta koma nishi, nishin ya ɗauke. Sai a lokacin ya ji zafin hannunsa.

Suka zaunar da ita a kan katangar dutse. Saje Farida ta yafa mata kwat ɗinta, ta ciro littafinta.

"Beryl Firth, ke kika ɗauke motar nan daga garejin Clive Ackroyd?"

"Ni ce. Ni na kwance sukurorin, ni na tsara komai. Desmond jan igiya kawai ya yi, shi ma sai da na yi masa kuka. Rubuta haka, 'yata."

Clive ya taso, gabansa duk taɓo. Ya tsaya a gabanta, ya rasa inda zai sa hannuwansa. "Me ya hana ki tambaye ni, Beryl? Da na hana ki?"

"Sau biyu na zo ƙofarka," ta ce. "Na farko na tarar kana goge ta, kana ba ta labarin abin da likita ya ce maka, kana kiranta Doreen. Na biyu kana mata faɗa wai ta bar ka da wankin labule. Ta yaya zan ƙwanƙwasa in ce ba ni matarka in ƙona mijina a cikinta? Na juya na koma gida."

Clive ya sunkuyar da kai.

"Shekara goma sha ɗaya yana ƙera ta," ta ci gaba. "Tayoyin a tandar kicin ɗina ya gasa fentinsu, wata guda burodina yana warin fenti. Da ya kwanta, magana ta ɗauke masa, amma kullum na je sai ya yi mini alamar jan usur da yatsa. Ban taɓa gaya masa an sayar ba. Kullum nakan ce tana nan tana jiranka." Ta share ido da hannun rigar. "Ina kewarsa, ɗana. Ba ni da wani bayani da ya wuce wannan."

Sugden ya zaga motar. A gefen dama, inda direba ke leƙawa, an ɗaura tsohon allo mai duhu, Beryl. A gefen hagu sabon allon yana nan yana ƙyalli, Doreen.

"Me ya sa ɗaya kika cire?"

"Na sa sukundireba a na biyun, na kasa. Shekara uku yana jinyarta da wannan sunan. Ita ma tana da haƙƙi."

"Yallaɓai, na janye ƙarata," in ji Clive.

"Ka zo ofis ka faɗa a rubuce. Amma an shiga gareji an ɗauki kaya, dole ta biyo mu ta ba da bayani, ita da Desmond." Sugden ya miƙa mata hannunsa mai lafiya. "Taso, Iya."

Ta miƙe da ƙyar, ta karɓi sandarta. A bakin motar 'yan sanda ta tsaya, ta dubi tulun, ta dubi kujerar baya. Sannan ta juya ta miƙa wa Clive.

"Wilf bai taɓa shiga hannun hukuma ba, ba zai fara yau ba. Ka ajiye shi a gareji kusa da ita. Ba ya son zaman falo."

Clive ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗora shi a kan kujerar direba, ya tuɓe rigar ruwansa ya rufe shi.

"Asabar a gwada tukunya," ya ce, bai dube ta ba. "Lahadi ƙarfe goma, a nan. Ni zan zuba gawayi, ke ki tuƙa."

"Allon fa?"

"Ki bar shi inda yake."

Saje Farida ta tayar da mota. Ta madubi Sugden yana ganin dattijon tsaye cikin yayyafi, ya ciro tsumma yana goge ruwa daga jikin tagulla. Cikin motar ya cika da warin hayaƙin gawayi da man inji, daga rigar tsohuwar da kwat ɗin Sugden. Saje Farida ta yi tari, ta kai hannu za ta sauke gilashi.

Sugden ya buɗe baki zai hana ta, amma tsohuwar ta riga shi.

"Bar shi a rufe, 'yata," ta ce daga baya. "Warin Wilf ne."